Shirin Jarrabawar Ƙwarewa Kan Kula da Dukiya: Jagora Ga Ɗalibin Ƙasar Karaye da Rogo

Fannin da jarrabawowinsa

Kula da dukiya, a ma'anar da masana harkar kuɗi suke nufi, sana'a ce ta ba mutum ko iyali shawara a kan dukkan abin da suka mallaka, tun daga yadda za a juya shi ya haɓaka, da yadda za a tsare shi daga asara, har zuwa yadda zai isa hannun magada ba tare da ya tarwatse ba. Ta bambanta da dillancin hannun jari, domin dillali yana saye da sayarwa ne bisa umarnin mai kuɗi, shi kuwa mai kula da dukiya yana duba rayuwar mai dukiyar gaba ɗaya, da shekarunsa, da iyalinsa, da bashin da ke kansa, da abin da yake tsoro, kafin ya ce a sayi kaza ko a bar kaza. A ƙasar Karaye da Rogo, inda arziki ya fi zama a gonaki da shanu da hatsi da shaguna, wannan aiki ya daɗe a hannun dattawa da malaman gado da amintattun 'yan kasuwa, kuma ɗalibin da ya tashi a Jajaye ko Zarewa ko Fulatan ya riga ya ga rabin tambayoyin fannin da idonsa tun kafin ya buɗe littafi.

Hanyoyi uku ne suka fi shahara ga ɗan Nijeriya mai neman shaidar ƙwarewa a wannan fanni. Ta farko ita ce jarrabawar Cibiyar Dillalan Hannun Jari ta Nijeriya, wadda ake kira CIS, mai hedikwata a Legas, wadda dokar da aka yi a 1992 ta ba ta ikon horar da masu aikin kasuwar jari. Ta biyu ita ce ta cibiyar CISI da ke Landan, wadda babbar shaidarta ta kula da dukiya ta ƙunshi takardu uku: kasuwannin kuɗi, da ka'idojin haɗa kundin jari, da aiwatar da kula da dukiya. Ta uku ita ce shirin CFA na cibiyar da ke jihar Bajiniya ta Amurka, mai matakai uku, wanda daga 2025 aka raba matakinsa na ƙarshe gida uku, ɗaya daga ciki aka keɓe shi ga dukiyar ɗaiɗaikun mutane da iyalai. A kan wannan reshe na mataki na uku jagorar ta fi tsayawa, ko da yake dabarun da ke cikinta suna amfani ga sauran jarrabawowin.

Yadda jarrabawar take

Ana yin jarrabawar mataki na uku sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta, a kan kwamfuta, cikin harshen Ingilishi. An raba ta zama biyu, kowane zama awa 2 da minti 12, kuma jimillar rukunonin tambayoyi 22 ne, kowane rukuni yana farawa da bayanin halin da wani mai dukiya ko wata ma'aikata take ciki, sannan tambayoyi su biyo baya. Rabin rukunonin na zaɓen amsa ne daga cikin uku, rabin kuma ɗalibi ne zai rubuta amsarsa da kansa, kuma kowane rukuni maki 12 yake ɗauke da shi. Lissafin da ya kamata ya zauna a kan ɗalibi shi ne cewa minti 264 ne aka ba maki 264, wato kowane maki minti ɗaya gare shi, don haka wanda ya ɓata minti goma a tambaya mai maki uku ya ci bashin minti bakwai daga wata tambayar da wataƙila ya fi saninta.

Reshen da ɗalibi ya zaɓa yana ɗauke da kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari na makin, sauran kuma an raba su tsakanin darussan da kowa yake yi: rabon jari a kan nau'o'in kadarori, da haɗa kundin jari, da auna ƙwazon jarin, da kwangilolin kariya daga sauyin farashi, da ɗa'ar sana'a. Ba ya halatta ɗalibi ya dogara ga reshensa kaɗai, domin kimanin kashi biyu bisa uku na makin suna wajensa.

Sharuɗɗa da guzuri

Ba a kaiwa mataki na uku sai an ci na ɗaya da na biyu, kuma ba a ba da shaidar kanta sai an nuna ƙwarewar aiki ta awa 4,000 a cikin aƙalla wata 36, a aikin da ya shafi yanke shawarar zuba jari. Fasfo na tafiye-tafiyen ƙasashen waje, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, shi ne abin shaida a wurin rajista da kuma ƙofar ɗakin jarrabawa, saboda haka ya kamata a duba ranar ƙarewarsa tun kafin a biya kuɗi, a kuma tabbatar da cewa sunan da aka yi rajista da shi ya dace da na fasfon harafi da harafi. Na'urar lissafi iri biyu kacal aka yarda a shiga da su, wato Texas Instruments BA II Plus da HP 12C, kuma wajibi ne hannun ɗalibi ya saba da tasa har ya daina neman maɓallai da ido. Akwai kuma wani gajeren darasi na aikin hannu da ake yi ta intanet, wanda sai an kammala shi ake sakin sakamako.

Da dalar Amurka ake biyan kuɗin jarrabawa, kuma wannan ya zama babban nauyi tun daga Yunin 2023, lokacin da aka saki darajar naira a kasuwa, dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Rajistar wuri ta fi ta makara araha, cibiyar kuma tana da tallafin rage kuɗi ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake nema ta shafinta. A cikin kasafin sai an sa kuɗin mota daga Rogo zuwa Kano, da na tafiya zuwa birnin da cibiyar jarrabawa take, kamar Abuja ko Legas, da na masauki, da na data, da na wutar sola ko batirin da zai riƙe fitila da kwamfuta idan wutar lantarki ta ɗauke.

Tsara lokaci bisa shekarar manomi

Abin da aka saba ba da shawara shi ne kimanin awa 300 na karatu ga kowane mataki, kuma idan aka shimfiɗa su a kan mako 24, kowane mako zai ɗauki awa 12 da rabi. Rabon da ya fi dacewa shi ne mako 16 na karanta manhaja tare da amsa tambayoyin ƙarshen kowane babi, mako 4 na bita, mako 4 na jarrabawar gwaji. Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan jarrabawa ba ta karɓar haddar makon ƙarshe, domin ba ta tambayar ma'anar kalma kawai, tana buƙatar a ɗora ka'ida a kan halin wani mutum na musamman.

Zaɓen watan jarrabawa yana da nasaba da yanayin ƙasa. Wanda ya zaɓi Agusta zai yi mafi nauyin karatunsa daga zafin bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin shuka da noma da zuba taki, kuma idan gonar gandu tana kansa, safiyarsa ba tasa ba ce. Wanda ya zaɓi Fabrairu zai fara da kaka, ya ƙare da sanyin hunturu, lokacin da aikin gona ya ragu sai ga masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, don haka a duba inda zai faɗa a jadawalin, a rage masa nauyi, a mayar da karatu bayan sahur. Awa biyu bayan sallar asuba, kafin hidimar gida da ta ofis ta taso, sun fi awa huɗu na dare da gajiya albarka.

Takardar manufofin jari

Tushen reshen dukiyar iyalai shi ne takardar manufofin jari, wato rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai dukiya da mai kula da ita, wadda take fayyace abin da ake so a cimma da iyakokin da ba za a tsallake ba. Tana da manufa biyu, ribar da ake buƙata da kasadar da za a iya ɗauka, sannan tana da iyakoki biyar: tsawon lokaci, da buƙatar kuɗi a hannu, da haraji, da doka, da yanayi na musamman da ya keɓanci mai dukiyar. Hanya mafi inganci ta ƙwarewa a kanta ita ce ɗalibi ya riƙa ƙirƙiro gida irin na garinsu a kowane mako, ya rubuta masa takardar daga farko zuwa ƙarshe.

A ɗauka, alal misali, akwai magidanci mai jarin naira miliyan 200, wanda gidansa yake buƙatar miliyan 12 a shekara daga wannan jari. Ribar da zai rayu da ita kashi 6 ce cikin ɗari, amma idan hauhawar farashi ta kai kashi 20, jarin yana buƙatar kawo kashi 27.2 kafin ƙarfin sayensa ya tsaya inda yake, domin ana ninka 1.06 da 1.20 ne sannan a cire ɗaya. Idan jarin duka kuɗi ne da kayan ciniki waɗanda zakka ta hau kansu, sai a ƙara kashi 2.5, buƙatar ta koma 8.5, jimillar kuma ta zama 30.2. Wannan lissafi yana nuna bambanci tsakanin riba ta suna da riba ta haƙiƙa, kuma ba wasa ba ne a ƙasar da alkaluman hukuma suka nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

Ita kuwa kasada fuska biyu gare ta, kuma masu jarrabawa suna son a rarrabe su. Akwai iya ɗaukar asara, wanda ake aunawa da yawan dukiya, da sauran shekarun aiki, da nauyin iyali. Akwai kuma son ɗaukar asara, wanda hali ne na zuciya. Dattijon da yake da 'ya'ya huɗu a jami'a da aurarraki biyu a gabansa, iyawarsa kaɗan ce ko da zuciyarsa ta fatake ce, kuma ka'idar ita ce idan biyun suka saɓa, a bi mafi ƙaranci sannan a zauna a wayar masa da kai. A nan ne kuma ake shigo da jarin ɗan'adam, wato ƙimar abin da mutum zai samu da aikinsa a sauran rayuwarsa. Albashin malamin makaranta, wanda a tsarin dokar fansho ta 2014 ake ajiye kashi 8 daga gare shi, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10, ya yi kama da takardar lamuni mai biya a kai a kai, don haka ajiyarsa za ta iya jure kasada. Kuɗin shigar ɗan kasuwar hatsi kuwa yana hawa da sauka kamar hannun jari, don haka ajiyarsa tana buƙatar natsuwa.

Ka'idar rarraba jari, wadda Harry Markowitz ya kafa da lissafi a 1952, tana cewa kasadar kundi ba ta dogara ga kasadar kowace kadara ita kaɗai ba, ta dogara ne ga yadda farashinsu yake tafiya tare ko yake saɓawa. Manomi ya san wannan a aikace, domin a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci amfanin gona yana raguwa, abincin dabbobi ya yi tsada, farashin shanu ya faɗi, amma hatsin da ke rumbu ya yi daraja. Gona da garke suna faɗuwa tare, hatsin ajiya yana saɓa musu, sukuk na gwamnatin tarayya kuwa, wato takardar jari marar ruwa, wanda aka fara fitarwa a Satumbar 2017 da naira biliyan 100 bisa tsarin haya, ba ruwansa da damina. Ɗalibin da ya fahimci alaƙar farashi ta wannan hoto ba zai manta da ita a ɗakin jarrabawa ba. Haka nan kwangilolin kariya, waɗanda ƙimarsu take rataye da farashin wani abu daban, za su yi masa sauƙi idan ya faro daga cinikin salam na fiƙihu, inda ake yanke farashi yau a kan kayan da za a kawo nan gaba, sannan ya lura da bambancin cewa a salam ana biyan kuɗin duka tun farko.

Gado, zakka da abin da manhaja ta faɗa

Babin miƙa dukiya ga na baya yana buƙatar taka-tsantsan, domin an rubuta manhajar ne don duniya baki ɗaya, tana magana a kan harajin gado, da asusun amana, da inshorar rai, da ƙasashen da mutum yake da 'yancin barin dukiyarsa ga wanda ya so. Ta kuma san akwai tsarin da doka take yanke wa magada rabonsu, kuma a nan ne gadon Musulunci yake shiga. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano suke bi, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran, matar mamaci tana da sumuni idan akwai 'ya'ya, kyauta kuma tana ɓaci idan mai bayarwa ya rasu kafin wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. Wakafi shi ne mafi kusa da asusun amana, domin yana tsare asalin kadara, amfaninta ya riƙa gudana ga waɗanda aka ambata.

Dokar da ɗalibi zai riƙe ita ce: a ɗakin jarrabawa ana amsawa da dokar harajin da dokar gadon da aka bayar a cikin tambayar, ba da wadda ya sani a gida ba. Amma ya buɗe littafin rubutu na daban, duk inda manhaja ta kawo wata dabara sai ya rubuta makwafinta a ƙasarsa, kamar ƙiradi a gefen haɗin gwiwar mai kuɗi da mai juyawa, da takaful a gefen inshora, da asusun fansho marar ruwa da hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar a 2021, da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Cibiyar nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci da ke Jami'ar Bayero a Kano wuri ne na zurfafa wannan ɓangare. Ya kuma lura cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma gonar da ba ta da takarda tana da wuyar jinginarwa a banki ko sayarwa da gaggawa, wanda shi ne ainihin abin da manhaja take nufi da kadara mai wuyar komawa kuɗi.

Ɗa'ar sana'a

Darasin ɗa'a yana ɗauke da kashi 10 zuwa 15 na maki, kuma an gina shi a kan mizanai bakwai da suka haɗa da riƙon amanar mai dukiya, da bayyana duk wata maslaha ta kai da za ta iya karkatar da shawara, da nisantar ciniki da bayanan sirri, da haramcin yin alƙawarin riba tabbatacciya a kan jari mai kasada. Ba a cin sa da kyakkyawar zuciya kawai, domin amsoshin sukan yi kusa da juna, sai an karanta misalan littafin mizanan sau biyu, a farkon shiri da kuma makonsa na ƙarshe. Muhimmancinsa a aikace bayyane yake ga duk wanda ya ga yadda tsarin MMM ya tafi da ajiyar mutane a ƙarshen 2016, da yadda CBEX ya rushe a Afrilun 2025, domin abin da ya jawo jama'a a duka biyun shi ne alƙawarin ribar da babu halastaccen jarin da yake iya bayarwa.

Horon rubuta amsa

Yawancin waɗanda suke tuntuɓe a mataki na uku sun san karatun, rubutun ne yake kayar da su. Kowace tambaya tana da kalmar umarni, wadda take nuna ko lissafi ake so, ko zaɓi, ko hujja, kuma idan an ce a kawo hujja biyu, biyun farko ake dubawa, ta uku ɓata lokaci ce. Amsa mai kyau gajera ce, tana faɗin hukunci, ta ɗauko dalili daga cikin bayanin da aka bayar, ta haɗa su da ka'ida, ba tare da gabatarwa ko maimaita tambaya ba. A tambayar lissafi, lamba daidai tana wadatarwa.

Tunda da allon maɓallai ake rubutu, ɗalibin da ya saba da waya kaɗai sai ya ware minti 15 a kullum yana buga rubutu a kwamfuta. A makonni huɗu na ƙarshe ya yi aƙalla jarrabawar gwaji uku cikakku, da agogo, a daidai lokacin da zai zauna ta gaske, ya kashe waya, ya sanar da mutanen gida. Bayan kowace ɗaya ya rubuta kurakuransa a rukuni uku: abin da bai sani ba, da abin da ya sani amma bai karanta tambayar da kyau ba, da abin da lokaci ya hana shi, domin kowane rukuni maganinsa daban ne. Abokin karatu ko da ɗaya ne, a Kano ko Zariya ko ta waya, yana da amfani wajen duba amsar juna, saboda mutum yakan yi wa rubutunsa sassauci.

Ranar jarrabawa da abin da ke bayanta

Ya kamata a isa birnin jarrabawa da kwana ɗaya ko biyu, a je a ga ƙofar cibiyar tun da rana, a sa wa na'urar lissafi sabon batiri, a kwana da wuri. A cikin ɗakin, tambayar da ta ƙi a yi mata alama a wuce, kuma kada a bar tambayar zaɓi ba amsa, domin ba a cire maki saboda kuskure. Wanda bai yi nasara ba yana samun bayanin ƙwazonsa a kowane darasi, kuma da wannan bayanin ake gina jadawali na gaba.

Shaidar ƙwarewa ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Mai son juya jarin mutane ko ba da shawarar zuba jari a Nijeriya sai ya yi aiki ƙarƙashin rajistar Hukumar Kula da Kasuwar Jari ta Ƙasa, wadda ake kira SEC, bisa dokar zuba jari da aka sabunta a 2025, kuma sai ya bibiyi sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026. Bayan haka ne littafin rubutun da ya tara a lokacin shiri zai fara aikinsa, ranar da magidanci daga Jajaye zai zauna a gabansa da lissafin gonakinsa da shanunsa da sunayen 'ya'yansa, yana neman a bayyana masa da Hausa yadda dukiyar za ta ciyar da gidan yau, ta kuma isa ga magada da sauran ƙarfinta.